Rigimar Tiya a Sararin Sama

Duk mai sayen hatsi ya san rigimar kasuwa ba ta cika tashi a kan gero ba, a kan tiya take tashi. Idan tiyar ta lotsa, ko mai awon waliyyi ne sai an cuci wani. Da na fara bibiyar aikin masu ƙidayar taurari, sai na tarar su ma babbar damuwarsu ke nan: wa zai auna ma'aunin?

Abin bai zo mini baƙo ba. A gidan rediyo, mai kula da na'urori kan saki wani siririn sauti da ba ya hawa ba ya sauka, ya daidaita allurar na'ura da shi. In ba haka ba, murya ɗaya sai ta fita da kururuwa a wannan layi, ta fita a shaƙe a wancan.

Masana taurari ma suna da irin wannan sautin. A 1856 wani ɗan Ingila, Norman Pogson, ya tsayar da ƙa'ida cewa tazarar mataki 5 a ma'aunin haske daidai take da ninki 100, kuma an daɗe ana ɗaukar tauraron Vega a matsayin mafarin awo. Sai dai hazo na rage haske, madubi na dusashewa, na'ura na tsufa. Shi ya sa ake yawan komawa kan wasu taurari da aka san haskensu sarai, a gwada na'ura da su.

Ko barin duniya bai raba su da wannan wahala ba. Kumbon Gaia, wanda Turai ta harba a Disamban 2013 zuwa nisan kilomita miliyan 1.5, ya auna taurari kusan biliyan 1.8. Amma ƙanƙara ta riƙa taruwa a kan madubansa tana cinye haske, har sai da aka yi ta ɗumama su.

Awon nisa ya fi wuya. Miƙa yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: za ka ga yatsan ya gusa. Haka tauraro ke ɗan gusawa idan aka dube shi yau, aka sake dubawa bayan wata 6, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Daga wannan gushin ake lissafa nisansa.

A nan ne Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da muke nuna wa juna muna yara, suka tada ƙura. Kumbon Hipparcos, da aka harba a 1989, ya ce nisansu kusan tafiyar haske ta shekara 390 ne. Sauran hanyoyin awo suka ce kusan 440. Ba ƙaramar magana ba ce. Idan Hipparcos ke da gaskiya, to taurarin ba su kai hasken da ake zato ba, kuma fahimtar masana game da yadda tauraro ke ci da wuta tana da gyara.

Ku yi mini uzuri in ɗan yi alfahari: rediyo ne ya raba gardamar. A 2014 aka haɗa manyan faya-fayan da ke kama igiyar rediyo daga sama, aka samu kusan 444. Daga baya Gaia ya tabbatar. Shaidar da suka kafa kuwa ita ce kwazar, wata fitila mai tsananin haske da nisanta ya sa ba a ganin gushinta.

Gaia ma da irin waɗannan fitilu aka gwada shi. Ya kamata awon gushinsu ya nuna sifili, sai ya nuna ɗan kauce kaɗan. Masu kumbon ba su ɓoye ba, suka wallafa girman kaucen domin kowa ya gyara lissafinsa.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Kullum alƙaluma na zuwa teburina: farashin abinci, yawan ruwan sama, adadin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Mai sauraro a ƙauye ba shi da halin bincike, muryata ce tiyarsa. Don haka kafin in buɗe makirufo nakan tambayi wanda ya kawo adadi: da me aka auna, kuma wa ya gwada ma'aunin? Wanda ya iya faɗa mini inda awonsa ke da rauni, shi na fi yarda da shi.