Gangar birkin da na taɓa na ji ta da sanyi

Kwanakin baya na yi lodin busasshen tattasai daga Diffa zuwa Damagaram, rabinsa ma bashi ne na manoman bakin Komadugu, sai na sayar in biya su. Ina gaba kusa da direba.

Mun wuce Shetimari kaɗan, ba mu kai Maine Sorowa ba, sai ga garken shanu ya hau kwalta. Direba ya taka birki. Kan motar ya kama, amma wallahi sai na ji tirelar tana turo mu daga baya kamar ba ruwanta. Mun tsaya dai, saura ƙiris mu haɗa da wani yaro mai kiwo.

Da muka sauka, wani dattijon bakanike da muka rage wa hanya ya ce mini: "Ɗana, zo ka kai hannunka nan, a hankali." Gangunan ƙafafun kan motar zafi kamar tanda. Na bayan tirela kuwa sanyi ƙalau. Ya ce gangar da ta yi aiki dole ta ɗumama, wannan ba ta taɓa komai ba tun daga tasha.

Ashe tiyo biyu ne ke kai iska daga kai zuwa tirela, ja da rawaya. Jan yana cika tankin iska, rawayan shi ke kai saƙon birki in an taka. Namu rawayan an lanƙwashe shi an ɗaure da waya, wai iska na zuba, an ce a lallaɓa. Wata nawa ana lallaɓawar? Direba ya sunkuyar da kai. Ni ma ban ɗora masa duka ba, don mu masu kaya mu ne ke cewa a yi sauri kasuwa za ta faɗi.

A Maine muka kwana biyu. Baba ya kwance wayar, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kumfa ya tashi a tukunyar birki ɗaya, robar ciki ta yage. Ya hana yaron mota taɓa tukunyar da ke da sifirin a ciki, ya ce in ta ɓalle tana iya kashe mutum. Da ya buɗe tankin iska, ruwa ne da tsatsa suka fito. Fatar birki kuma rairayi ya cinye ta har ƙusoshi suna gogar ganga.

Na ce a sauya ta gefe ɗaya mu tafi. Ya ce: "A'a Alhaji, dama da hagu tare ake sauyawa, in ba haka ba tirela za ta ja ku gefe."

Na biya rabin kuɗin, ina ƙunƙuni. Da muka kai Gure na sauka da kaina, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ina kai hannu. Duka da ɗumi.