Ƙugiyar da ke Ɓacewa a Waya

A Zongon Kwatano littafin Hausa na takarda yana da wuyar samu, don haka a waya muke yawancin karatunmu. Waƙa ba ta wahalar da mu: Shata da aka turo daga Kano a tsarin MP3 kowace waya za ta rera shi.

Littafi ne mai gardama. Wanda aka rubuta da tsofaffin haruffan kwamfuta, kafin Unicode ya yaɗu, idan ya sauka a wayar da ba ta san su ba, sai ƙ, ɗ da ɓ su rikiɗe su zama wasu haruffa ko alamomi dabam. Mai gyara cikin gaggawa kuma yakan yar da ƙugiyar, ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Wanda ya sha Hausa a nono zai gane. Ƙanena kuwa, da Faransanci ya fi zama a bakinsa, haka zai haddace kuskuren.

Shi ya sa na fifita PDF, wanda galibi yake tafe da haruffansa. EPUB ya fi daɗin karantawa, amma ba na tura wa yaro sai na duba ƙugiyoyin.