Ƙwaryar da Na Ɗauka Kunu Ce

Wannan watan ba sharhin fim na kawo maku ba. Asirin kaina zan tona, in ya so masu yi mini dariya su yi.

Da bazarar 2024 na raka wani abokin karatuna garinsu Bagudo. Daga can muka tsallake Kogin Kwara, muka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, muka hau kabu-kabu sai Segbana ta Jamhuriyar Benin, inda zai karɓo kuɗin dawar mahaifinsa. Ya shiga lissafi da mutanensa, ni kuwa ƙishirwa ta kora ni cikin kasuwa.

A wata rumfa na hango randuna da ƙorai, ga wani abu jaja-jaja mai kauri, sak kunun zaƙin dawa. Yarinyar da ke tsaron wurin ba ta jin Hausa, ni kuma ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba. Na nuna, ta zuba, na yi bisimilla na kai baki.

Jama'a! Tsami ne ya fara dukan harshena, irin na kunun da ya kwana uku. Sai ƙaurin hayaƙi, sai wani ɗaci-ɗaci, sannan zafi ya taso mini ta hanci har ƙwalla. Ban kai ga haɗiyewa ba na ji an fizge ƙwaryar.

"Malam, tofar! Wannan ba naku ba ne!"

Uwar yarinyar ce, da 'yar Hausarta ta kasuwa. Ashe cukutu ne, wato burkutun mutanen arewacin Benin. Ta ɗebo ruwa na kurkure baki, ta dawo mini da sefata, ta rufe 'yar da faɗa. Wallahi jikinta ya fi nawa rawa. Da hankali ya kwanta ta yi mini bayani: dawa ake jiƙawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a juye a tsohuwar tukunya da ragowar na baya har ya tashi. Yadda Turawa ke ajiye tasu giyar watanni a gangar katako don ta ɗauki ƙanshin itacen, haka tukunyar ke yi wa nata.

Malamin da na tambaya a gida ya ce babu laifi a kan kuskure. Abin da ya hana ni barci daban ne. Finafinan Hausa nawa na kalla inda mai sayar da giya take shaiɗaniya, tana kashe ido tana jan ɗan mutane cikin halaka? Sau nawa na rubuta a wannan shafi cewa 'yar wasa ta "fito da rol ɗin yadda yake"? Yadda yake a ina? Ban taɓa ganin ko ɗaya ba sai ran nan, kuma ita ce ta tsare mini addinina, ta yi asarar cinikinta.

Giya haram ce, kuma tun 2000 Jihar Kebbi ke bin shari'a. Ba wannan nake taɓawa ba. Roƙona ga marubuta da daraktocinmu shi ne su daina ƙera mutane daga jita-jita. Ni ma daga yau, kafin in ce ɗan wasa ya yi daidai, sai na tambayi kaina ko na san daidan.

Har yau abokina in ya bugo waya, da "Malam, tofar!" yake gaishe ni.