Ruwan da ke kwance a tankin iskar Baba

1/ Babana mai faci ne a Sabon Birni, kusa da tasha. Injin iskarsa, wato kwamfuresa, shi ke ciyar da gidanmu, shi ke biyan kuɗin karatuna a Jami'ar Ɗanfodiyo. Bari in ba ku labarin ranar da na gano muna zaune kusa da ajali ba mu sani ba.

2/ Hutun watan Agusta ne, damina ta kankama. Hadari ya taso, ni da ƙanena muka kama injin za mu shigar da shi rumfa. Muna karkata tankin sai na ji wani abu na kaɗawa a ciki, kamar jarka da sauran ruwa.

3/ Na ce, Baba, akwai ruwa a tankin nan fa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce: "Kai ɗan boko, tankin iska, ta ina ruwa za shi shiga? Injin ga ya girme ka."

4/ Ga ta inda yake shiga. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima. In inji ya matse ta sai ta yi zafi, in ta huce a cikin tanki sai laimar ta koma ɗigon ruwa, kamar yadda ledar fiya wata mai sanyi ke yin gumi. Ruwan ya gangara ƙasan tanki ya kwanta.

5/ Da hunturu kaɗan ne, iska a bushe take. Amma da damina, ga gulbi ya cika, ga fadama, kullum tankin sai ya sha ruwa. Tsatsa kuma daga ciki take ci. Waje fenti fes, ciki ƙarfe na zama takarda.

6/ Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tanki don zubar da ruwan. Namu ya daskare, Baba bai taɓa buɗe shi ba tun da ya sayi injin na hannu. Muka kashe inji, muka rage iskar, muka jiƙa famfon da baƙin mai har washegari, sannan sifana ta iya da shi.

7/ Jama'a, abin da ya fito! Jan ruwa kamar na gulbi bayan ruwan sama, da ɓarɓashin tsatsa. Gorar ruwa babba biyu muka cika. Da na shafa ruwan sabulu a ƙasan tankin, sai ga kumfa na tashi ta wata 'yar huda.

8/ Baba ya ce a kai wa mai walda ya like. Nan na tsaya. Tankin da tsatsa ta huda ba a masa walda, don ƙarfen da ke kewaye da hudar ma ya mutu. In ya fashe cike da iska, ƙarfe ne zai tarwatse. Ƙanena kuwa a jikin tankin nan yake jingina yana cin abinci.

9/ Wani tanki sai an je Sakkwato, kuma duk wanda ya san hanyoyinmu, daga Sabon Birni zuwa Isa ko Goronyo, ya san ba a hawansu sai da addu'a. Kuɗin da ke hannu kuwa na rajistata ne.

10/ Kwana biyu Baba bai min magana ba. Ni ma ban yi barci ba, ina ta lissafi. A na uku na ce masa a taɓa kuɗin, rajista na iya jira. Ya daɗe yana kallon ƙanena, sannan ya ce: "To, Allah shi maida."

11/ Wani direba abokinsa ya kawo mana tanki na hannu mai lafiya. Na yi rajista a makare, har da tara. Ban yi nadama ba.

12/ In kuna da mai faci, mai fenti ko kafinta a gida: kullum in an tashi aiki a kashe inji, a rage iska, a buɗe famfon ƙasa ruwa ya fita. Minti ɗaya ne.

13/ Jiya Baba ya kira ni, bayan gaisuwa ya ce: "Injiniya, yau ma na sa shi ya yi fitsari." Tarihi nake karanta fa.