Zumunta A Ƙafa Take

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Galibi in an kawo wannan magana 'yan'uwa na jini ake nufi, amma ni a ganina ta shafi ƙasa ma. Ƙasar da aka haifi mutum 'yar'uwarsa ce, in bai taka ya je ya gaishe ta ba, a kwana a tashi sai su zama baƙin juna. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wuraren da na fi son zuwa shan iska in na sami hutun kwana ɗaya ko biyu, da dalilin da ya sa nake ganin zuwansu ya fi ƙarfin yawon banza.

Ni mutumin Ashige ne, wani gari a ƙasar Lafiya, cikin Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam. Mu manoma ne, abin da muka sani doya da shinkafa da riɗi da rogo. In ranar hutu ta zo, samarinmu ba su da zance sai na Abuja ko Jos. Wanda ba shi da kuɗin mota kuwa, sai ya shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, ya ce ai nan ƙasar babu wurin zuwa. To, ga wuraren zuwa nan zan lissafa, kowa ya auna da kansa.

Na fari shi ne dajin Pandam. In ka hau mota a Ashige ka fuskanci gabas, ka wuce Assakio, ba da jimawa ba sai ka shiga Jihar Filato, dajin yana nan kusa da Namu. Kada jin sunan wata jiha ya sa ka zaci nisa. Mu da su jiha ɗaya muke har ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Nasarawa daga Filato. A shekarar 1972 aka keɓe wannan daji don namun jeji, a tsakiyarsa kuwa akwai wani babban tabki mai rassa biyu. A 2008 aka sa tabkin cikin jerin ruwayen da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa, bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Abin da na fi so a Pandam shi ne zaman bakin tabki da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ba ka jin kome sai kukan tsuntsaye, da birai suna ta tsalle bisa itatuwa. Cikin ruwan nan akwai dorina, akwai kuma ayu. Da yawa cikinmu sun san sunan ayu wurin masu tallan mansa a kasuwa, amma ba su san shi ba kifi ba ne. Ciyawar ruwa yake ci, yakan ɗago hanci ya shaƙi iska, macen kuwa takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta ba shi nono. Dabbar da ke haihuwa haka, in aka dinga kashe ta don mai, ina za ta yi yawa? Ga kuma masu saran itace da masu gawayi da mafarauta sun matsa wa dajin. Ni dai na lura dajin da mutanen kirki ba su zuwa, ɓarayi ke gadonsa, gama ba idon da zai gan su.

Na biyu, sai mu juya yamma zuwa Lafiya, mu zarce Doma. Wani zai ce, "Lafiya kuma? Ai kullum muna zuwa." Gaskiya ne, amma zuwan kasuwa daban, zuwan kallo daban. Mai zuwa sayar da doya idonsa na kan ciniki, ba ya tsayawa ƙofar fada ya tambayi yadda aka yi garin. Muhammadu Dunama ne ya kafa shi, shi da jama'arsa mutanen Barno, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Sarki Isa Mustafa Agwai ya daɗe bisa gadon nan har rasuwarsa a 2019, sa'an nan aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage. Wanda ya sami hutun Salla, ya je ya ga hawa. Ya kuma leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta hanyar dogon nan ta Fatakwal zuwa Kaduna da aka gama shimfiɗawa cikin shekarun 1920, wadda aka gama babbar gadarta ta Makurɗi a 1932. Ta nan amfanin gonar kakanninmu ya riƙa fita zuwa bakin teku.

Daga Lafiya zuwa Doma ba wata tafiya ba ce. Garin Alago ne, sarkinsu Andoma ake ce masa. A bayan gari akwai madatsar ruwa da aka gina don noman rani, ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, da tuddai kewaye da shi. Wuri ne na mai iyali. A dafa abinci a gida, a ɗauki tabarma, a yini a can, yara su ga masunta cikin kwalekwale, kafin magariba an komo.

Na uku shi ne Keana, ta hanyar Obi. Ita ma ta Alago ce, sarautarta Osana, kuma su da mutanen Doma suna cewa asalinsu daga Kwararrafa yake. Abin kallo a Keana gishiri ne, lokacinsa kuwa rani. Aikin mata ne. Sukan ɗebo ruwan gishiri su yayyafa bisa ƙasar da suka share, rana ta busar da ita, su kankare, su zuba cikin tukwane masu huda a gindi, su ƙara ruwan gishiri a kai. Abin da ya tsatso shi ake dafawa har ruwa ya ƙone, farin gishiri ya saura. Masana duwatsu sun ce a zamanin da can can, teku ya taɓa rufe kwarin Binuwai duka, gishirin da ya bari cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa shi ne ruwa ke narkarwa yana fitowa da shi. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke zuwa sayen gishirin Keana da na Awe, su kai shi garuruwa masu nisa.

Wata rana a can na tsaya kusa da wata tsohuwa tana iza wuta ƙarƙashin tukunya. Na gaishe ta, na ce, "Sannu da aiki, Iya." Ta amsa, ta tambaye ni daga ina. Da na ce Ashige, sai ta ce, "Ashe ɗan gida ne. Yaya doyarku bana?" Da zan tafi ta ƙulla mini gishiri a leda, na kawo kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce in kai wa mahaifiyata. Wannan ƙulli bai kai kuɗin goro ba, amma tun daga ran nan in an ambaci Keana, fuskar tsohuwar nan nake gani.

Na huɗu shi ne mafi nisa, shi ne kuma sarkinsu, watau Farin Ruwa a ƙasar Wamba. Wannan yana bukatar kwana biyu. Daga Lafiya sai ka bi hanyar Akwanga, ka ratsa Nasarawa Eggon, duwatsun Eggon suna tsaye gefenka. A da mutanen nan bisa duwatsun suke zaune, suna jera duwatsu hawa hawa su tare ƙasa su yi noma a gangare, daga baya suka sauko fili. Wanda ya ga wurin zai san ba raggaye ne suka zauna can ba. Daga Akwanga sai Wamba, daga Wamba kuma wajen kilomita 30 ne, duka duka daga Lafiya kamar kilomita 120. Ƙarshen tafiyar da ƙafa ake yi.

Kafin ka ga ruwan za ka ji rurinsa. Daga tuddan Jos yake gangarowa, ya faɗo daga bisa dutse mai tsawon wajen mita 150, watau kusan ƙafa 500. Daga nesa sai ka ce hayaƙi ne ko farin zane aka shanya, shi ya sa aka ba shi wannan suna. In ka matsa kusa, feshinsa kaɗai ya isa ya jiƙa maka riga, in kuwa za ka yi wa na kusa da kai magana sai ka ɗaga murya. Duk mun ji labarin mafaɗar ruwa ta Biktoriya, a kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Ita ta fi faɗi nesa ba kusa ba, amma tsawonta mita 108 ne, watau tamu ta fi ta tsawo. Mutane na hawa jirgin sama daga Ingila da Amurka su je kallon waccan, mu kuwa ga tamu a bayan ɗaki, da yawanmu har su tsufa ba su gan ta ba. Wanda ke son ganin ƙarfinta ya je wajen ƙarshen damina. Da rani ruwan yakan ragu ƙwarai, amma hanya ta fi sauƙi.

To, me ya sa na ce wannan ya fi ƙarfin yawon banza? Ku duba mutanen da mai wannan tafiya zai gaisa da su: Alago, da Eggon, da Barebari, da Migili, da Gwandara, da Tibi, da Filani, da Hausawa, da mutanen Filato. Duk kasuwa ɗaya muke ci, ruwa ɗaya ke yi mana damina. Amma duk mai wayo a ƙasarmu yana tune da rikicin 2013, wanda ya taɓa Assakio da Obi, aka yi hasarar rayuka da gidaje. Bayan irin wannan masifa, abin da ke fara mutuwa shi ne ziyara. Kowa ya ja jikinsa, yaro ya tashi bai san garin maƙwabta ba sai a labari, labarin kuwa ba mai daɗi ba. Mutumin da ba ka taɓa shan ruwan gidansa ba, kome aka gaya maka a kansa sai ka yarda. Amma in ka taɓa zama inuwarsa, ya ba ka tsaraba, kafin ka ɗauki jita-jita sai ka yi tunani sau biyu. Gani ya kori ji.

Ban ce a tafi da ka ba. Ga 'yan shawarwari da na ga amfaninsu. Kafin ka tashi, ka tambayi direbobi a tasha halin da hanya ke ciki, in sun ce a dakata, a dakata. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku haɗa kuɗin mota, ya fi araha ya kuma fi aminci. Ku yi sammako, kada dare ya same ku a hanya. In kun isa, ku fara gai da mai gari ko ma'aikatan wurin, ku nemi ɗan jagora, ku ba shi hakkinsa da daɗin rai. Kada ku shiga ruwan da ba ku san zurfinsa ba, balle tabkin da ke da dorina. Kada ku bar leda ko kwalba a inda kuka ci abinci. In kuwa kun ga abin sayarwa na mutanen wurin, ko gishiri ne, ko kifi, ko zuma, ku saya, gama ta haka za su ga amfanin baƙi, su kuma ga amfanin kiyaye abin da ya kawo baƙin.

Shekara tana da mako 52. Ko huɗu kaɗai mutum ya ware, ɗaya ga kowane wuri, kafin shekara ta kewayo ya ga tabki, ya ga fada da madatsa, ya ga yadda ake gishiri, ya ga Farin Ruwa. Ku kuma da kuke wasu garuruwa, na tabbata in kun duba za ku tarar da naku kusa da ku. Ina fata wani zai ɗauki alƙalami ya ba mu labarin na ƙasarsu, mu ma mu sa shi cikin niyya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.