Wilmington: Garin da Bango Ke Ɓoye Ciwonsa

Idan hanya ta kai ku jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ku daure ku gangara Wilmington, garin da ke bakin kogin Cape Fear, dab da tekun Atlantika. Gari ne mai laima. Da bazara sai ku ji iskar ta manne muku a fata kamar rigar da ba ta gama bushewa ba. A wasu unguwanni za ku ga gidaje da shafe sumul, ruwan madara ko ruwan ƙasa, ku rantse siminti ne. Ku ƙwanƙwasa da yatsa, za ku ji holoƙo.

Abin da ke ciki farin soson nan ne da ake tallafe firji da shi a kwali. Ana manna shi a jikin katakon bango, a shimfiɗa raga, a bi da shafe siriri mai haɗin roba. A Jamus aka fara shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan bangon bulo da dutse, kuma can bai ba da wahala ba. Da ya iso Amurka aka ɗora shi a kan katako.

A 1995 ne asiri ya tonu a nan garin. Masu duba gine-gine suka riƙa huda bango suna tarar da katako ya ruɓe, alhali fuskar gida tas. Ruwan sama yana shiga ta gefen taga da inda rufi ya haɗu da bango, shafen kuma ya hana shi fita. Mu a asibiti mun san wannan sarai: miki ne aka liƙe da filasta, sama fes, ƙasa ruwa. Ga kuma funfuna, wadda mai asma ba ya shiri da ita. Shari'u suka biyo baya, har masu ƙera kayan suka koma barin 'yar hanya a bayan soson domin ruwa ya tsiyaye.

Gyaran ma irin namu ne na wankin ciwo. Mai duba yana soka wata na'ura mai allura biyu ƙasan taga. Idan laimar katako ta haura kashi 20 cikin ɗari, to akwai magana. A yanke wurin har sai an iske lafiyayyen katako, a sauya ruɓaɓɓen, a sa sabon soso, sabuwar raga ta hau kan tsohuwa, sannan shafe. Wanda ya tsaya ga fenti kawai, kuɗinsa ya zubar. Ana sa ɗan ƙarfe mai kama da indararo a ƙarshen rufi ya karkatar da ruwa, a sabunta danƙon gefen taga, a kuma ɗaga gindin shafen kamar inci 6 daga ƙasa saboda gara, don ta cikin soson take bi ba a gani.

Ni dai ya tuna mini da yaɓen makuba na gidajen kakanninmu, wanda in ya gaji kowa yana gani, a gyara kafin damina.

Idan kuna da ɗan'uwa a can da ke shirin sayen gida mai irin wannan shafe, ku ce masa ya nemi takardar awon laima kafin ya sa hannu, ya kuma tsaya a auna ƙasan kowace taga a gabansa.