Wasiƙa daga Manchesta: kan kwalaben bitamin

Yaya,

Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara afuwa. Mu nan hunturu ya kama, kafin ƙarfe 4 na yamma gari ya fara duhu.

Na ga saƙonki cewa in aiko wa Hajiya ƙwayoyin ƙarin kuzari irin waɗanda ake yawo da su gida-gida a Gyadi-Gyadi, wai na Turai sun fi kyau. Ki yi haƙuri Yaya, ba zan aiko ba tukuna, kuma wallahi ba rowa ba ce.

A nan akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai waɗannan kwalabe. Na shiga ɗaya kwanan baya, sai ga garin zogale a 'yar leda mai ƙyalli, a gefensa garin 'ya'yan kuka, wanda sai a 2008 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi. Abin da ke zuba a tsakar gidanmu, shi suke aunawa da ƙaramin cokali, da tsadar da za ta sa ki riƙe baki.

Turawa su kansu sun sha ganin illar tatso sinadari ɗaya daga abinci a dunƙule shi ƙwaya. An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da dajin huhu ba. Sai aka yi gwaji a Finlan kan maza mashaya taba fiye da 29,000, aka riƙa ba wasunsu sinadarin da ke sa karas ja. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha ƙwayar sun fi sauran kamuwa da cutar da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda hakan. Karas ɗin bai cuci kowa ba. Abin da jiki ke samu kaɗan-kaɗan cikin abinci, haɗe da ɗaruruwan sinadarai, shi aka ɗura musu mai yawa shi kaɗai. Bitamin A ma idan ya yi yawa ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa. Kuma wata dokar Amurka ta 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna cewa irin wannan ƙwaya tana aiki kafin ya kai ta kasuwa ba.

Ba cewa nake yi duk ƙwaya banza ce ba. Ni kaina ina shan bitamin D, don hukumar lafiyar Ingila ta shawarci kowa ya sha daga Oktoba zuwa Maris, mu masu duhun fata kuwa duk shekara, saboda ƙarancin rana. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo, da ɗigon bitamin A na yara, kada ki bari kowa a gidan ya yi wasa da su. Waɗannan an san giɓin da suke cikewa.

Hajiya kuwa, ga Asibitin Malam Aminu Kano a bakin unguwa. A kai ta a auna jininta, a gaya wa likita tana shan maganin hawan jini. In ya rubuta wani abu, ranar zan sayo.

Kuɗin da na turo ki shiga da su kasuwar Tarauni: wake, ƙwai, hanta sau ɗaya a mako, alayyafo, gwanda, manja kaɗan a miya. Kwaɗon zogalenta a sa ƙuli da tumatir, a matsa lemon tsami, yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe da ke ganyen. Shayin nan da ba ta rabuwa da shi, a jinkirta mata shi sai bayan abinci da kamar awa guda, don yana tare wa sinadarin ƙarfen hanya.

Ki turo min hoton takardar gwajin ta WhatsApp. A gaida Baba da yara.

Ƙanwarki